Wasan Kwaikwayo Mai Waƙa a Kan Asalin Mutuwa: Nazarin Aikin Wata Ƙungiyar 'Yan Sa Kai

Ƙungiyar da wannan nazari ya shafa ƙungiyar wasan kwaikwayo ce ta 'yan sa kai, wato mutanen da kowannensu yake da sana'arsa ko karatunsa da rana, sai da yamma ko a ƙarshen mako su haɗu su yi gwaji, kuma babu wanda ake biya a cikinsu. Akwai malaman makaranta da ma'aikatan jinya, akwai ɗalibai, akwai kuma dattawan da suka yi ritaya. Kafin wannan aiki, abin da suka saba nunawa shi ne wasannin barkwanci da gajerun wasannin faɗakarwa. Sai suka ɗauko abin da ya fi waɗannan nauyi nesa ba kusa ba: dogon wasa wanda waƙa da kiɗa ke ɗauke da rabin labarinsa, a kan tambayar da kusan kowace al'umma ta taɓa amsawa da tatsuniya, wato ta yaya mutuwa ta shigo duniya, kuma me ya sa ba ta ƙyale kowa ba.

Rubutun farko da abin da ya same shi

Marubuciyar wasan ta fara ne da tattara labarai, kuma abin da ta tara ya yi yawa. Rubutunta na farko ya ƙunshi tatsuniyoyi fiye da goma, an jera su nahiya bayan nahiya, kowace da waƙarta. Ranar da 'yan wasan suka zauna suka karanta shi da babbar murya, matsalar ta fito fili tun kafin a kai rabi. Kowane labari yana buƙatar a gabatar da sababbin taurari, a bayyana inda suke, a sa mai kallo ya damu da su, sannan kafin ya gama sanin sunayensu an kai ƙarshe, kuma ƙarshen iri ɗaya ne a ko'ina: ɗan Adam ya rasa dawwama. Wanda ya ji uku ya riga ya san yadda na huɗu zai ƙare, don haka babu abin da zai riƙe shi a kujera.

Abin da ya buɗe mata hanya tsohon nazari ne. A 1913 masanin nan ɗan Birtaniya James Frazer ya lura cewa tatsuniyoyin asalin mutuwa, duk da nisan da ke tsakanin masu su, suna komawa ga 'yan sifofi kaɗan: ta 'yan aike biyu, ta watan sama mai mutuwa ya sake tsayawa, ta maciji mai saɓa, da ta ayaba. A 1951 kuma Hans Abrahamsson ya wallafa nazari a Uppsala wanda ya bi irin waɗannan labarai a faɗin Afirka. Ya kamata a faɗa cewa Frazer bai zauna da mutanen da ya yi rubutu a kansu ba, daga rahotannin 'yan mishan da jami'an mulkin mallaka ya ɗebo yawancin abin da ya tara, kuma masana sun daɗe da watsar da matakan wayewa da ya jera al'ummomi a kansu. Amma rabe-raben nasa sun nuna wa marubuciyar cewa labarai da dama da ta ɗauka daban-daban ne, ashe labari ɗaya ne ya sauya tufafi.

Daga nan ta bar jerin nahiyoyi, ta sake tsara wasan bisa tambaya guda: laifin wa ne? Ta rage labaran zuwa biyar, ta jera su ta yadda a kowane mataki alhakin mutuwa yake ƙara matsowa kusa da hannun ɗan Adam. A na farko mutum ba shi da hannu ko kaɗan, ɗan aike ne ya makara. A na ƙarshe mutum ne ya zaɓa da bakinsa, yana sane, kuma yana da dalili. A ganina wannan shawara ita ce ta ceci wasan, domin ta ba shi abin da rubutun farko ya rasa, wato alƙibla.

Labarai biyar a kan dandamali

An buɗe da labarin Zulu na kudancin Afirka, wanda Henry Callaway ya rubuta daga bakin masu shi a wajajen 1868 zuwa 1870. An aiki hawainiya ta gaya wa mutane cewa ba za su mutu ba. Ta kama hanya da tafiyarta ta sanɗa, ta tsaya cin 'ya'yan itace a gefen hanya. Daga baya aka aiki ƙadangare da saƙon cewa mutane za su mutu, ya ruga da gudu ya riga ta isa. Da hawainiya ta iso da nata saƙon, mutane suka ce sun riga sun karɓi maganar ƙadangare.

Mai ba da umarni ya yi da wannan labari abin da ya ɗaure wasan gaba ɗaya. Bai bar hawainiya ta iso a fitowa ta farko ba. Ya sa wata dattijuwa daga cikin 'yan wasan ta taka rawar, aka shimfiɗa mata siririn layi a can bayan dandamali, daga wannan gefe zuwa wancan, ta fara tafiya tun da aka ɗaga labule. Tana ɗaga ƙafa, ta tsayar da ita a sama, ta karkata gaba ta karkata baya, sannan ta sauke, saƙon yana naɗe a tafin hannunta. Duk sauran labaran a gabanta aka yi su, ita kuwa tana can tana matsowa taƙi bayan taƙi, ba ta cewa komai. Ana cewa sannu ba ta hana zuwa, kuma lallai ta zo, amma masu kallo suna ganin mutane na mutuwa a gaban idonsu alhali maganin abin yana tafe a bayansu bai iso ba. Ta haka aka samar da jiran da rubutun farko ya kasa samarwa.

Labari na biyu daga yankin Poso ne a tsibirin Sulawesi na Indunusiya. Sama tana kusa da ƙasa, ana sauko wa mutanen farko da kyauta a bakin igiya. Aka sauko musu da dutse suka ƙi, aka sauko da ayaba suka karɓa da murna, sai aka gaya musu cewa rayuwarsu za ta zama irin ta ayaba, uwa ta mutu bayan ta fitar da 'ya'ya, da sun karɓi dutsen da sun dawwama. An yi wannan fitowa a gajarce kuma cikin raha, igiya ɗaya ce kawai ke saukowa daga rufin dandamali, kuma ta yi aikinta.

Na uku ya fito daga Kojiki, littafin Japan da aka kammala a shekara ta 712. Izanami, ɗaya daga cikin allolin Japan, ta mutu wajen haihuwar wuta, mijinta Izanagi ya bi ta ƙasar matattu don ya dawo da ita. Ta ce ta riga ta ci abincin can, amma ya jira ta nemi izini, kada kuma ya dube ta. Haƙurinsa ya ƙare, ya karya haƙorin matajinsa ya kunna, ya ga jikinta ya ruɓe, ya gudu, ya toshe mashigar da ƙaton dutse. Daga bayan dutsen ta yi rantsuwar kashe mutum 1,000 kowace rana, shi kuma ya ce zai sa a haifi 1,500. Mawaƙin ƙungiyar ya mai da wannan musaya waƙar mutum biyu, miji a wannan ɓangare na dutsen, mata a wancan, ba sa ganin juna, kowa yana ɗora baitinsa a kan na ɗan'uwansa. Abin da ya sa ta ratsa mutane shi ne karin waƙar da aka rera lissafin mutuwa da haihuwa a kansa shi ne dai karin waƙar soyayyar da suka rera tare a farkon fitowar.

Na huɗu shi ne Gilgamesh, sarkin Uruk na ƙasar Mesofotamiya, wanda aka tono allunan labarinsa a ɗakin karatun Sarki Ashurbanipal a Nineba, kusa da Mosul ta Iraƙi a yau, kuma a 1872 George Smith ya karanto wa duniya ɓangaren da ya shafi ruwan ɗufana. Amininsa Enkidu ya mutu, Gilgamesh ya ƙi barin a binne shi har tsutsa ta faɗo daga hancinsa, sannan tsoro ya kama shi, ya bazama neman Utnapishtim, mutumin da aka bai wa dawwama. Utnapishtim ya ce ya gwada hana idonsa barci kwana shida da dare bakwai. Nan take barci ya ɗauke shi, matar Utnapishtim ta riƙa toya gurasa ɗaya kowace rana tana ajiyewa kusa da kansa, don idan ya farka ya yi musu a nuna masa. Daga ƙarshe ya samo wani tsiro mai mayar da ƙuruciya daga ƙarƙashin teku, ya tsaya wanka a hanya, maciji ya sace tsiron ya yi saɓa ya wuce. Wannan shi ne kashin da ya fi wahalar da ƙungiyar, kuma zan dawo kansa.

Na biyar labarin mutanen Blackfoot ne na arewacin Amurka, kamar yadda George Bird Grinnell ya wallafa shi a 1892. Mace ta tambayi Tsoho, wanda labarin ya ce shi ya yi mutanen farko, ko mutane za su rayu har abada. Ya ce zai jefa busasshen kashin bauna a kogi, idan ya yi iyo, wanda ya mutu zai tashi bayan kwana huɗu. Matar ta ce a'a, dutse za ta jefa, idan ya nutse mutane su mutu, domin su riƙa jin tausayin juna. Dutsen ya nutse. Ba a daɗe ba ɗanta ya mutu, ta koma tana roƙon a sauya dokar, aka ce abin da aka zartar ya zartu.

Addini da haƙƙin masu labari

Tun kafin a fara gwaji, wasu mambobi suka kawo damuwarsu. 'Yan ƙungiyar mabiya addinai ne daban-daban, kuma da yawansu suna da tabbataccen imani a kan dalilin mutuwa da abin da ke bayanta. Tambayarsu ita ce ko tsayawa a gaban jama'a a rera waɗannan labarai ba zai zama kamar gaskata su ba. An tattauna sosai, aka tsaya a kan ƙa'idoji biyu. Ta farko, ba za a nuna wani mahalicci a kan dandamali ba, da fuska ko da murya, sai dai 'yan amshi su ba da labarin abin da aka ce an aiko. Ta biyu, kowace fitowa za ta fara da wani mutum na yau da kullum, cikin tufafin gida, wanda ya rasa wani nasa, shi ne zai ce ga abin da mutanen wuri kaza suka faɗa lokacin da irin wannan ya same su. Da haka labaran suka zauna a matsayinsu na maganar 'yan Adam da ke neman yadda za su jure rashi. Mutum ɗaya duk da haka ya janye daga fitowa, ya koma kula da fitilu, kuma babu wanda ya matsa masa.

Damuwa ta biyu daga wani ɓangaren ta zo. Waɗannan labarai ba duka ne suka zama kayan tarihi ba. Babu mai bauta wa allolin Uruk a yau, amma Izanagi da Izanami suna da wuraren ibada a Japan, kuma Zulu da Blackfoot al'ummomi ne rayayyu masu 'yancin cewa ga yadda za a ba da labarinsu. A kan wannan ne aka cire labarin Maui na mutanen Maori na New Zealand, wanda ya yi ƙoƙarin kawar da mutuwa ta hanyar ratsa jikin Hine-nui-te-po, ubangijiyar mutuwa, tana barci, sai wani ɗan tsuntsu ya fashe da dariya ta farka ta murƙushe shi. Labari ne mai ƙarfi, amma ƙungiyar ta ga ba ta da hanyar nuna shi ba tare da ya koma abin dariya ko abin kunya ba, kuma ba ta da wani daga cikin masu shi da zai ce mata ta yi daidai ko ta kauce. Haka nan aka hana kwaikwayon suturar kowace al'umma. Kowa ya sa tufa mai launi ɗaya, abin da ke bambanta labari da labari shi ne abu ɗaya da ake riƙewa a hannu: saƙo, igiya, mataji, tsiro, dutse. A takardar da aka raba wa masu kallo an rubuta al'ummar da kowane labari ya fito da wanda ya fara rubuta shi, aka kuma bayyana cewa yawancin marubutan baƙi ne ga mutanen da suka ji labarin daga bakinsu.

Waƙa da muryoyin da ba a horar ba

Mawaƙin ya fara da niyyar ba kowane labari kiɗan ƙasarsa, amma ya bar wannan da wuri, domin abin da yake fitowa kwaikwayo ne na sama-sama wanda mai kiɗan ainihi zai ji ya ƙi. Ya koma ga abin da muryoyin da ke gabansa za su iya. Yawancin 'yan wasan ba sa karanta rubutun kiɗa, muryoyinsu ba sa hawa can sama, kuma numfashinsu ba ya kai dogon baiti. Sai ya gina kusan duk waƙoƙin a kan jagora da amshi, baitoci gajeru, amshi mai sauƙin kamawa, kayan kiɗa kaɗan. Ya kuma ware kari ɗaya ya mai da shi na saƙon hawainiya, wanda ake jin gutsurensa a ƙarshen kowace fitowa, ana katse shi kafin ya kai inda kunne ke jiran ya sauka. Ba a rera shi cikakke ba sai da ta iso.

Abin da ya faru a gwajin fitowa ta biyar

Matar da aka ba rawar mai jefa dutse ta taɓa rasa ɗa, shekaru kafin wannan aiki. Kaɗan ne suka sani, kuma ita da kanta ta nemi rawar. A gwaje-gwajen farko komai ya tafi daidai, domin zaune ake karantawa. Ranar da aka fara yin fitowar a tsaye, da dutse na gaske a hannunta, ta rera baitin da take cewa a bar mutane su mutu don su ji tausayin juna, ta kai hannu za ta saki dutsen, sai yatsunta suka ƙi buɗewa. Makaɗa suka maimaita wurin, suka sake maimaitawa, ita tana tsaye da dutsen a dunƙule a hannu, muryarta ta ɗauke. Mai ba da umarni ya tsayar da kiɗa, ya sallami kowa, ya bar ma'aikaciyar jinya ɗaya da ke cikin ƙungiyar tare da ita.

Abin da aka yi bayan haka ya cancanci a duba shi da kyau, domin akwai hanyoyi biyu masu sauƙi kuma duka ba a bi su ba. Ba a karɓe rawar daga hannunta da sunan tausaya mata ba, wanda da ya zama yanke hukunci a kanta ba da saninta ba. Ba a kuma yi amfani da raɗaɗinta don ƙawata wasa ba, abin da wasu masu ba da umarni kan yi idan suka ga hawaye na gaske suna jan hankali. An tambaye ta abin da take so. Ta ce za ta ci gaba, amma tana son a sami wadda za ta iya karɓar ta a kowane dare ba tare da an nemi bayani ba. Aka horar da mace ta biyu a rawar. Aka kuma sauya fitowar: 'yan amshi suka matso suka kewaye ta, ta yadda idan ta saki dutsen ba ita kaɗai ce a tsakiyar haske ba, kuma baitin roƙon a sauya doka, wanda da ita kaɗai za ta rera, ya koma bakin mata duka. An yi wannan sauyi don kare mutum ɗaya, sai ga shi ya gyara fitowar, domin labarin ya ce mutuwa ta zo ne don mutane su ji tausayin juna, kuma yanzu mai kallo yana ganin tausayin da idonsa a daidai lokacin da ake biyan kuɗinsa. Daga wannan rana kuma ƙungiyar ta kafa dokar cewa kowa na iya dakatar da gwaji, kuma aka sanya gargaɗi a sanarwar wasan cewa akwai mutuwar yaro a cikinsa.

Abin da ya yi da abin da bai yi ba

Da aka nuna wasan, abubuwa uku sun tsaya da ƙafafunsu: tafiyar hawainiya, waƙar bayan dutse, da fitowa ta biyar. Masu kallo da dama sun zauna bayan an sauke labule suna magana da 'yan wasa, kuma yawancin abin da suke faɗa a kan mamatansu ne, wasan ya zama musu ƙofar shiga maganar kawai.

Kashin Gilgamesh kuwa bai zauna daidai ba, kuma ina ganin dalilin a tsarin yake. Sauran huɗun suna bayyana yadda mutuwa ta fara, shi kuwa labarin mutum ne da ya tarar da ita a duniya ya ƙi yarda. Yana buƙatar lokaci kafin abotarsa da Enkidu ta kama zuciyar mai kallo, kuma lokacin da aka ba shi ya yi wa wasan yawa, ya yi wa labarin kaɗan. Wurin gurasar nan bakwai, da ake jera su ɗaya ta bushe, ɗaya ta yi fumfuna, ta ƙarshe da ɗuminta, ya yi kyau ƙwarai, amma tafiyar da ta kai shi can ta ja wasan ƙasa daidai inda ya kamata ya hau. Akwai kuma matsalar ƙadangare. Saurayin da ya taka rawar gwanin ban dariya ne, masu kallo suka so shi, har dariyar ta riƙa malalowa cikin fitowar da ba ta dace da ita ba, sai da aka rage masa shiga daga baya.

Saɓanin da bai warware ba shi ne na ƙarshen wasan. Marubuciyar ta so a tsaya inda labarin Zulu ya tsaya, hawainiya ta faɗi saƙonta a ƙi karɓa. Mawaƙin ya so a rufe da waƙar taron jama'a mai ɗaga zuciya, yana cewa ba daidai ba ne a tara mutane, cikinsu har da masu sabon rashi, a sallame su hannu wofi. An bi ra'ayin mawaƙin a nunin farko, aka bi na marubuciyar a na gaba. Ni na fi karkata ga marubuciyar, domin waƙar rufewar ta yi wa masu kallo alkawarin da babu ɗaya daga cikin labaran biyar da ya yi, kuma ta'aziyyar da wasan ke iya bayarwa an riga an bayar da ita a fitowa ta biyar. Amma hujjar mawaƙin ba ta wasa ba ce, kuma shi ne ya fi kowa tsayawa da masu kallo bayan an tashi.

Wasu ƙungiyoyin 'yan sa kai sun nemi a ba su rubutun su nuna. An amince, da sharaɗin su riƙe ƙa'idar rashin nuna mahalicci da ta rashin kwaikwayon sutura, su buga bayanin asalin kowane labari, su kuma tanadi mutum biyu a rawar mai jefa dutse tun daga ranar farko. An tura musu rubutun da ƙarshe iri biyu, aka bar wa kowace ƙungiya ta zaɓa, kuma marubuciyar tana aikin rage kashin Gilgamesh ya fara daga mutuwar Enkidu kai tsaye.